Tsallakar da Ita, Alama ta Juya: Inda Yaranmu ke Ɓacewa a Aljabara

Ka shiga aji biyu na ƙaramar sakandare a ko'ina cikin Sakkwato, daga Mabera har Runjin Sambo, ka rubuta 3x = 12 a allo, ka ce a nemo x. Amsa iri uku za ka tarar a littattafan yara. Wasu za su rubuta 4, su ne da gaskiya. Wasu za su rubuta 9. Wasu kuma su kawo maka −4, har da murmushin wanda ya tabbata ya burge. Mai 9 da mai −4 ba daƙiƙai ba ne, kuma ba barci suka yi lokacin darasi ba. Hasali ma sun riƙe abin da aka biya musu da kyau. An ce da su, in lamba ta tsallaka alamar daidai, alamarta takan juya. Na farko ya tsallakar da 3 ta koma ɗebewa, 12 − 3, ya sami 9. Na biyu ya san rabawa za a yi, amma ya tuna da dokar, sai ya raba 12 da −3. Kowannensu maganar malam ya bi sau da ƙafa.

Warware ikweshan mai harafi ɗaya, irin 3x + 2 = 14, shi ne ƙofar shiga aljabara. Ana fara shi a aji ɗaya, a faɗaɗa shi a aji biyu da baka da lambobin sama-da-ƙasa, a aji uku kuma a ɗora masa tagwayen ikweshan masu x da y kafin jarrabawar BECE. Wanda ya wuce nan da ɗingishi zai sake karo da abin a babbar sakandare, cikin fizik da kimistiri, ga kuma kiredit na lissafi a WAEC ko NECO da jami'o'i ke nema a galibin fannoni, har da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke bakin ƙofarmu. In yaro ya gaza, maganin da aka saba rubuta masa ɗaya ne, wato a ƙara masa atisaye. A ganina, kafin a yi maganar yawa a fara duba iri. Yaron da ke ɗauke da gurguwar doka, in ka ba shi tambaya hamsin, gurguwar dokar ya yi wa bita sau hamsin.

Cutar ta girmi aljabara. Tun firamare aka kamu da ita, kuma a jikin alamar nan mai layi biyu take. Shekara shida yaro yana ganin 7 + 5 = da 9 × 3 =, kullum aiki a hagu, fili a dama, har ya zauna masa cewa ma'anar alamar ita ce "rubuta amsa a nan". Na'urar lissafi ma haka take koya masa, ka danna alamar amsa ta faɗo. Masu bincike a Jami'ar Wisconsin ta Amurka sun taɓa ba yaran firamare wannan tambaya, suka buga sakamakon a 1999: 8 + 4 = □ + 5. Galibin yaran 12 suka sa a akwatin, wasu 17, ƙalilan ne suka ce 7. Kowane uba na iya gwada ɗansa da ita yau da dare. In ya ce 12, to a ajiye x tukuna, akwai gyara a ƙasa.

Robert Recorde, likitan Birtaniya da ya fito da alamar a 1557, ya zaɓi layi biyu masu tsawo ɗaya ne don a wurinsa babu abu biyu da suka fi su zama daidai da juna. Aikinta shaida: abin da ke hagu da abin da ke dama adadi ɗaya ne. Shi ya sa bai kamata malami ya sa jan biro ya yi wa 5 + 3 = 8 × 2 = 16 maki ba, ko da amsar ƙarshe ta fito, domin a rubuce yaron ya ce 8 da 16 duk ɗaya ne.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci a Kasuwar Daji, irin masu tsohon sikeli mai faranti biyu, ya san ƙa'idar tun kafin ya shiga aji. Sikeli ya tsaya cak. Ka cire rabin kilo a wannan faranti, tilas ka cire rabin kilo a wancan, in ba haka ba ya rinjaya. Ka ninka na nan, sai ka ninka na can. Dokar ke nan ɗungurungum: abin da ka yi wa hagu, ka yi wa dama.

Mu ɗauka wani ya sayo buhun albasa 3 daga Kware, ya biya kuɗin mota naira 2,000, gaba ɗaya ya kashe 47,000. Nawa buhu ya kama? Ka tambayi yaron da ke tsare wa babansa rumfa, ko biro ba zai ɗauka ba. Zai ce maka: "A hidda kuɗin mota, saura dubu arba'in da biyar, a raba ukku, sha biyar-biyar ke nan." A takarda abin da ya yi shi ne 3x + 2,000 = 47,000. Ya ɗebe 2,000 daga kowane gefe, saura 3x = 45,000. Ya raba kowane gefe da 3, x = 15,000. Lura da jerin da ya bi. Wajen haɗa kuɗin, ninkawa aka fara yi, tarawa ta zo daga baya, saboda haka wajen warwarewa tarawar ake fara kwancewa, sannan ninkawar. Tarawa ɗebewa ke kwance ta, ninkawa kuma rabawa. Babu lambar da ta yi tsalle ko'ina.

To, ina tsallakawar ta samo asali? Ɗauki x + 5 = 12. In ka ɗebe 5 daga kowane gefe, za ka rubuta x + 5 − 5 = 12 − 5. A hagu biyar ta cinye biyar, sai x shi kaɗai, a dama kuma ga −5 zaune. Mai kallo daga nesa sai ya ga kamar 5 ce ta haura katanga ta sake riga. Gajeriyar hanya ce ta wanda ya riga ya san doguwar, kuma ga tarawa da ɗebewa kaɗai take aiki. Abin da ya ɗaure 3 da x a cikin 3x ninkawa ce, don haka ba ruwan alamarta da juyawa. Ni dai da za a bi tawa, ba za a furta kalmar tsallakawa a aji ɗaya ba. A bar yaro ya yi zango guda yana rubuta dogon layin, yana nuna abin da ya yi wa kowane gefe. Da kansa zai gaji wata rana ya ce, "Malam, ai ba sai na rubuta wanga ba," kuma ranar ya cancanci gajeriyar hanyar. Malamai za su ce aji ya cika maƙil, manhaja na da tsawo, zango gajere ne, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sai dai makon da aka tsira da shi a aji ɗaya, malamin babbar sakandare ne zai biya shi ninki-ba-ninki.

Akwai wani tudu da yara da yawa ke cijewa a gindinsa ko da sun iya na baya. Muddin x na gefe ɗaya, yaro na iya komawa da baya da ka, kamar yadda ɗan rumfa ya yi, ba tare da ya taɓa x ɗin ba. Ranar da x ya fito a hagu da dama, wannan dabara ta ƙare. Masana biyu 'yan Meziko, Eugenio Filloy da Teresa Rojano, sun nuna a 1989 cewa daidai nan ne lissafin firamare ke yankewa, domin yanzu dole yaro ya yi aiki da adadin da bai san ko nawa ba ne. Misali, wa na da naira 1,500 a asusu, kullum yana jefa 200, ƙanwarsa na da 300, kullum tana jefa 500. Kwana nawa za su yi kunnen doki? 1,500 + 200x = 300 + 500x. Babu wata amsa a dama da za a faro warwara daga gare ta. Sai dai a ɗebe 200x daga kowane gefe, alhali ba a san nawa ba ne, a bar 1,500 = 300 + 300x. A ɗebe 300, saura 1,200 = 300x. A raba, 4 = x. Ran kwana huɗu kowa na da 2,300. Kuma ga x ya ƙare a dama, babu laifi. Yaron da ya ce sai an maido shi hagu ya zama amsa, har yanzu tsohuwar fahimtar alamar ba ta sake shi ba.

Sikelin ma yana da iyaka. A x + 9 = 4, amsa −5 ce, kuma babu dutsen awo mai wannan nauyi. Nan sai an koma layin lambobi, abin da ke ƙasa da sifili. Da yawa daga kurakuran da ake ɗora wa aljabara, a gaskiya na lambobin ƙasa da sifili ne. A 10 − 2x = 4, yaro kan ɗebe 10 ya manta ɗebewar da ke gaban 2x, ya rubuta 2x = −6, ya fito da −3. Wanda ya gane ƙa'ida yana da mafita: ya ƙara 2x a kowane gefe, 10 = 4 + 2x, sai 6 = 2x, x = 3, bai ko haɗu da lambar ƙasa da sifili ba.

Wani ramin kuma malamai ne ke haƙa shi da kyakkyawar niyya. Don yara su daina haɗa 3m da 2l, sai a ce musu mangwaro uku da lemo biyu ba su haɗuwa. Ranar abin ya yi aiki, amma yaro ya tafi da cewa harafi sunan kaya ne. Harafi adadi ne. A lissafin albasa, x kuɗin buhu ɗaya ne a naira, kuma ya kamata a tilasta wa yaro rubuta wannan layi kafin komai. Wanda kuma ya ce 2x + 3 daidai yake da 5x, kada a ce masa haramun ne a yi shiru. A ce ya sa 10 a madadin x: wannan 23, wancan 50.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a garin Shehu. Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ya rubuta littafin da aljabara ta samo sunanta daga gare shi a Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekarar 820 miladiyya. Babu x a ciki, babu alamar daidai, komai da kalmomi aka warware shi. Al'adar sa x da y da z a madadin abin da ba a sani ba sai 1637 ta zo, daga René Descartes na Faransa, kusan shekara 800 bayan nan. Kuma kaso mai tsoka na littafin al-Khawarizmi a kan wasiyya da rabon gado yake, wato fara'id ɗin da ake karantarwa a zaurukan malamanmu. Mutum ya rasu, ba uwa ba uba, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, abin da ya rage bayan biyan bashi da wasiyya naira 800,000. Matar na da sumuni, wato ɗaya bisa takwas, 100,000, saura 700,000. Namiji na da rabon mata biyu. In rabon 'yar shi ne x, to 2x + 2x + x = 700,000, wato 5x = 700,000, x = 140,000, kowane namiji 280,000. Rabon gado na gaske aikin malamai ne da alƙalai, yana da sassa da suka fi haka sarƙaƙiya, amma yaron da ya ga wannan a allo zai san cewa abin da ake koya masa da safe da abin da kakansa ke yi a zaure dangin juna ne. Tunda kuwa ilimin ya yi ƙarnoni a cikin kalmomi, babu aibi a bar yaro ya faɗi matakansa da baki, da Hausa, kafin ya rubuta su da alamomi.

Sai shi atisayen kansa. Abu na farko, wanda na fi nauyaya shi a kan sauran duka, shi ne mayar da amsa. Ikweshan na cikin darussa ƙalilan da yaro zai iya duba kansa da kansa ba tare da jiran malam ba. Mai 9 da zai sa ta a 3x = 12 ya ga 27, da ya san da sake. Daƙiƙa ashirin ta isa. Amma yara ba su yin abin da ba shi da maki, saboda haka a ware wa layin dubawa makinsa, wanda bai duba ba a ɗauka bai gama ba. A jarrabawar zaɓi-ɗaya-cikin-amsoshi ma wannan ɗabi'a kaɗai na iya cetonsa.

Ga mai fara koyo, jibga masa tambayoyi ba shi ne mafi amfani ba. John Sweller da Graham Cooper na Ostareliya sun gwada haka da aljabara a 1985. Ɗaliban da aka ba misali warwararre su nazarta, sannan tambaya irinsa su yi, sun fi saurin warware makamantan tambayoyin daga baya, da ƙarancin kuskure, a kan waɗanda aka bari suna ta fama da tambayoyi zalla. A aji, wannan na nufin a raba allo biyu: hagu misali cikakke, kowane layi da dalilinsa a gefe, dama ɗan'uwansa ba a taɓa ba. Gobe a goge layin ƙarshe na misalin, jibi a goge biyu, har yaro ya tsaya da ƙafarsa.

Littattafan aji kan jera tambaya ashirin iri ɗaya a ƙarƙashin kai guda. Daga ta uku yaro ya daina tunani, hannu ne kawai ke tafiya. Gwada waɗannan biyar a maimakonsu: 4x = 20, 4x = 2, 4 + x = 2, x/4 = 2, 4 − x = 2. Lambobin kusan ɗaya ne, amsoshin kuwa 5, ½, −2, 8 da 2. Dole ya tsaya a kowacce ya tambayi kansa me ya ɗaure 4 da x. Ta biyun ita ce mai kamun kifi, yara da yawa za su ce 2, don tun firamare an saba musu da cewa babba ba ta shiga cikin ƙarama. Kuma a rarraba aikin. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya auna yadda mantuwa ke cin sabon karatu da sauri a farko-farko, kuma binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa bita a kwanaki daban-daban ta fi zama a ka fiye da ta zama ɗaya. Tambaya biyar a dare huɗu ta fi ashirin ranar Lahadi, musamman in an cakuɗa da ta makon jiya da ta zangon da ya wuce, tunda ita jarrabawa ba ta sanar da babin da tambaya ta fito.

Malamin da ajinsa ya fi ƙarfin dubawa ɗaya-ɗaya yana da wata dabara mai arha. Ya rubuta aikin wani yaro na ƙage a allo, 3(x + 2) = 21, sai 3x + 2 = 21, ya ce kowane benci su gano inda aka ɓata. Gardamar da za ta tashi kafin a yarda cewa 3 ta hau kan 2 ma, har a kai ga x = 5, ta fi shafi guda na kwafa. Wata rana kuma ya juya abin, ya ce amsa 6 ce, kowa ya gina ikweshan ɗinsa ya ba na kusa da shi. Wanda ya iya ɗaurewa bai cika kasa kwancewa ba.

Tambayoyin labari suna da nasu nauyi, don da Ingilishi suke zuwa, yaro na ɗauke da kaya biyu. A Ingilishi, in ana nufin lambar da aka rage wa biyar, sau da yawa biyar ɗin ake fara ambata, sai yaro ya bi jerin kalmomi ya rubuta 5 − x a maimakon x − 5. In aka sa shi ya fara ba da labarin da Hausa, sau da yawa kuskuren kan mutu tun nan.

A gida, yaron Sakkwato ba shi da dogon lokaci, ga islamiyya da yamma, ga aike, ga wuta sai ta ga dama. Minti goma sha biyar bayan isha'i sun wadatar. Manhajojin waya irin Photomath, da ake haska wa tambaya su zubo matakai, a bar su sai bayan yaro ya gama nasa. Uwa ko uban da bai yi boko ba ma yana da abin yi, tambaya biyu ce: "Maida amsar mu gani, ta zauna?" da "Don mi ka yi haka?"

Ga abin da zai ishi dare ɗaya ga ɗan aji biyu: 9 + 6 = □ + 8, sai 5x − 4 = 21, sai x/2 + 3 = 7, sai 7x + 1 = 4x + 19, sannan 2x + 3 = 2x + 5. Amsoshin huɗun farko 7, 5, 8 da 6. In ta uku ta ba shi 11, to x/2 da 7 ya ninka da 2 ya tsallake 3, a sa shi ya maida 11 ɗin ya gani. Ta biyar ba ta da amsa, domin in aka ɗebe 2x daga kowane gefe 3 = 5 ke saura, kuma babu x ɗin da zai sa hakan ta tabbata. Kada a faɗa masa tun farko, a bar shi ya gwada lambobi har ya zo da ƙorafi.